Gawo Biyar da Na Sare a Katuru

Abin da na fi so a ce ban aikata ba a duniya shi ne sare itatuwan gawo biyar da ke gonar mahaifinmu a Katuru. Na yi wasu laifuffukan, na roƙi Allah gafara, zuciyata ta kwanta. Wannan kuwa har yau da furfura ta game mini kai, idan na tuna ƙarar faɗuwar na farkon sai abinci ya fita raina.

Sunana Sa'idu. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Mu biyu maza mahaifinmu ya bari, ni da yayana Mamman. Gandu ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke zubawa, matanmu tukunya ɗaya suke ɗorawa.

Daminar da ta biyo bayan an cire Zamfara daga Sakkwato, kurkunu ya kwantar da Yaya Mamman, aikin gona ya dawo hannuna. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, na ciro damman iri gaba ɗaya na sa a sussuke. Yana kwance a zaure da kumburarriyar ƙafa ya kira ni.

"Sa'idu, raba irin ga biyu. Shuka rabi, aje rabi. Ruwan yanzu ba shi da alkawari."

Na ce, "Yaya, ka taɓa ganin Baba ya raba iri? Watan bakwai ya kama, ƙasa ta jiƙe, mi muke jira?"

"Baba bai ga irin wagga damina ba," in ji shi.

Ban saurare shi ba, na shuke duka. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu daga gabas, iska ta taso da yashi ta yi ta dukan tsiron, ko ɗigo ba ya sauka. Bayan mako uku gonar ta ƙone, ban da abin da ke ƙarƙashin gawo da bayansu. Shi ne ya jure har ruwa ya dawo, kuma shi muka ci a shekarar. Gawo yana zubar da ganye da damina, dabbobi suna kwana a inuwarsa da rani su bar taki, kowane manomi ya san wannan. Ni ma na sani. Amma kunya ta rufe mini ido. Na ga masu injin ban ruwa a fadamar Shinkafi suna kwasar albasa da rani, sai na yanke cewa noman ruwan sama ya mutu, inji kaɗai zai wanke ni a idon yayana. Da aka kai shi Ƙaura neman maganin ƙafa, na kira masassaƙa da masu kai itace gidajen burodi. Kwana uku suka gama da gawon. Kafin ya dawo na ɗauki kuɗin itacen na kama hanyar Libiya neman kuɗin inji, na bar masa matata Hauwa'u da 'ya'ya biyu.

A Agadas abin da ke aljihuna ya ƙare. Wata biyar na yi ina buga tubali a bayan gari, ina kwana a rumfar tasha. Mutanen suna jin Hausa, amma babu wanda ya san ubana, babu mai tambayar yaya na kwana. Ranar da na cika kuɗin mota, na sayi jarka biyu na naɗe su da buhu, na rubuta sunana da gawayi kamar yadda na ga kowa yana yi.

Babbar mota ce, an loda kaya har sama, mu kuma muna kan kayan, ƙafafu a waje. Bayan mun bar Agadas da kwana biyu na daina ganin itace. Ko sabara babu, ko tumfafiya. Kafin Dirku motar ta mutu, muka yini biyu a wuri guda. Masu ƙarfi suka shige ƙarƙashin mota, ni ban samu wuri ba. Na zauna a kan yashi, kaina yana juyawa. Wani tsohon Buzu ya warware rabin rawaninsa, ya kafa sandarsa ya yi mana 'yar rumfa da ba ta fi faifai biyu ba.

"Matso," ya ce. "Kai mutumin ƙasar itace ne, daga gani. Ba ku iya zaman rana ba."

Na ce haka ne.

"Mu nan in mutum ya san inda itace ɗaya yake, sai ya gaya wa ɗansa kafin ya mutu. Ku kuma an ce har wuta kuke hurawa da ɗanye."

Ya faɗa ne yana dariya, bai san da wa yake magana ba. Na sunkuyar da kai, na ce zazzaɓi nake ji.

A Sabaha, cikin Libiya, na samu aiki a wani lambu can bayan gari, tafiyar awa guda a mota. Mai lambun Balarabe ne, Mudir muke ce masa, sau ɗaya a mako yake zuwa da buhun taliya da burodi. Mu biyu ne ma'aikata, ni da wani mutumin Cadi mai suna Adam, wanda Hausarsa ba ta fi ta cinikin kasuwa ba. Ruwa daga rijiya mai zurfi inji yake jawo shi, muna ba albasa da ciyawar dabbobi da dabino. Amma aikin farko kowace safiya shi ne jan tiyo zuwa layin itatuwan da aka dasa suka kewaye lambun, a ba kowanne ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ba sa 'ya'ya, ba a cin ganyensu. Ni a lokacin ɓarnar ruwa na ɗauke shi.

Wata rana gas ɗinmu ya ƙare, na karyo reshe guda don mu dafa shayi. Mudir ya zo ya ga wurin karayar. Ya fizge tiyo ya tsula mini a baya sau biyu, yana ta faɗa da Larabci, jijiyar wuyansa a tashe. Da ya tafi na tambayi Adam me yake cewa.

"Ya ce kai mahaukaci. Itace ya mutu, yashi ya shigo. Shekara biyu, lambu babu."

Bulalar ba ta dame ni kamar maganar ba. Na baro inda Allah Ya ba mu gawo kyauta, kakanninmu suka bar mana su tsaye, na zo ina yi wa itacen wani bauta da tiyo.

Ranar Babbar Sallah babu motar da za ta kai mu idi. Muka yi salla mu biyu a gindin dabino. Adam ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙullin tsumma da ban taɓa gani ba. Garin gero ne, bai fi tafi uku ba, tun daga garinsu yake ɓoyonsa. Ya tuƙa, ya raba daidai, ya tura mini nawa. Ƙanshin kawai na ji, hawaye ya zubo mini. Ya juya baya yana ci don kada in ji nauyi. Bayan wata biyu ya shiga gari sayen takalmi, 'yan sanda masu kamen baƙi suka haɗa da shi. Ban sake jin labarinsa ba.

Daga nan na zauna ni kaɗai. Sai in yi kwana shida ban buɗe baki da ɗan Adam ba. Don kada harshena ya mutu, idan ina ban ruwa sai in riƙa bin unguwarmu gida gida da baki, ina gaishe su da ƙarfi. Ina kwana Malam Ɗahiru, ina kwana Inna Ige, yaya ƙafa, an tashi lafiya? In amsa wa kaina. Idan na iso ƙofar gidanmu sai in tsallake zuwa na gaba, don ban san da wace murya Yaya Mamman zai amsa ba.

A shekara ta uku Mudir ya fara barina in bi motar kayan lambu zuwa Juma'a. Wata rana bayan an sallame na ji wani a bayana yana faɗa da mai sayar da lemo, yana cewa, "Kai, wanga mutum ɓarawo na!" Na juya da sauri har na taka wani. Na kama hannun mai maganar na ce, "Daga ina?"

"Zurmi. Kai hwa?"

"Katuru."

"Katuru! Allahu akbar, ashe har ƙauyawa suna isowa nan?"

Ɗanjuma sunansa, sabon zuwa ne, dā yana kai awaki kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Muka zauna a inuwar masallaci, ya yi ta zuba. Ya ce an ƙaddamar da Shari'a a Gusau, an rufe gidajen giya, masu caca sun koma bayan gari, kowa ya tsayar da gemu har da waɗanda ba su san alwala ba. Na yi dariyar da na manta ina da ita. Sannan na tambaye shi ko ya san Mamman na Katuru.

"Mai ɗingishi? Na san shi. Ni na sayi akuyarsa ta ƙarshe." Ya dube ni da kyau. "Kai ne ƙanen?"

Na ɗaga kai.

"To, ba ni ɓoye maka. An ce tun da aka sare gawon nan iska ta samu hanya. Ta kwashe ƙasar sama ta gefen gabas, wurin ya zama fako, ko ƙaya ba ta fita. Sau uku yake shuka kowace damina. Da wannan ƙafar yake zuwa ƙwadago gonakin mutane, don bakuna sun yi masa yawa."

"Yana maganata?"

"Mutane sun ce ko sunanka ba ya kamawa."

A makon nan na tattara duk abin da na tara na nufi wani dillali Bahaushe da ake kira Alhaji Bawa, mai shagon injuna. Ya tarbe ni da shayi, yana ta ce mini ɗan'uwa. Ya tayar da wani jan inji a gabana, ya sa tiyo a durom, ruwa ya yi tsalle har kan rufi.

"Wannan ko kogin Bunsuru ka sa masa sai ya shanye," ya ce. "Je ka yi sallama da mutane, in ɗaure maka shi yadda yashi ba zai shiga ba. Kada ka kwance sai gida."

Na dawo na tarar da shi a kwali, an naɗe da leda da igiya. Na yi masa godiya har da addu'a.

Direban motar dawowa ya ce kayana sun yi yawa, ko inji ko jarka ta biyu. Na bar jarkar. Kwana tara ina rungume da kwalin kamar jariri, ina auna ruwa da murfi. Kwana biyun ƙarshe leɓena ya tsage, harshena ya kumbura, wata mata 'yar Gana ce ta riƙa jiƙa tsumma tana miƙo mini. Duk da haka raina fari ne. Ina ganin kaina ina sauke inji a ƙofar gida, Yaya Mamman yana fitowa.

A Agadas na kasa haƙuri, na kai injin wurin wani makanike ya zuba masa mai in ji kukansa. Ya ja igiya, ta taho ba nauyi. Ya sake ja. Ya ɗauko sifana ya kwance kan injin, ya leƙa, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya leƙa.

"Malam, wa ya sayar maka da wannan?"

"Lafiya?"

"An kwashe kayan cikinsa. Ƙarfe ne aka cusa da tsumma don ya yi nauyi, aka shafa fenti. Daga ina ka ɗauko shi?"

Na ce daga Sabaha. Ba wanda ya yi dariya a cikinsu, kuma wannan ya fi mini ciwo. Makaniken ya saye shi a matsayin tsohon ƙarfe, ya haɗa mini da kwanon shinkafa.

Abin da ya ba ni ya kai ni Tawa da ɗan gaba kaɗan. Daga nan gida bai fi tafiyar yini biyu ba, amma kunya ta hana ni ƙarasawa. Na sauka a wani ƙauye da ban san kowa ba, ina yawo a bayan gari da tsakar rani. Sai na ga wani tsoho shi kaɗai a tsakiyar fako mai tauri kamar daɓe, yana sara da diga. Ya haƙa ramuka jere jere, kowanne kamar faɗin ƙwarya.

Na yi sallama na ce, "Baba, kaji za ka binne?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Najeriya ne, ko? Ku ne masu baki. Karɓi digar, in ya so ka yi tambayar kana aiki."

Sunansa Baba Isuhu. Na karɓa, kuma ban ajiye ba sai bayan wata takwas. Ya ba ni ɗakin ajiyar kara da abinci sau biyu. Ramukan tassa suke ce musu. Ana haƙa su da rani, zurfin taƙi ɗaya, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafi biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. Idan ruwa ya sauka, maimakon ya gudu a kan fako sai ya taru a ramin ya nutse. Iska kuma ta wuce ta saman tsiron, abin da ta kwaso na ganye da ƙasa ta zuba masa. Iri kuwa kashi uku Baba Isuhu yake raba shi, kuma gero ne mai saurin nuna. Wajen sassabe ba ya tumɓuke toho. Kowane kututture sai ya zaɓi reshe biyu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran.

Daminar ta zo da irin halin da na sani. Ruwa biyu, sai shiru na kwana ashirin. Gonakin da aka shuka a fili suka yi fari. Namu a cikin rami ya lanƙwashe da rana, da safe ya miƙe. Ranar da ruwa ya dawo ina tsaye a gonar, na ga kowane rami ya cika yana ƙyalli, sai na zauna a cikin taɓo na ba Baba Isuhu labarina duka, tun daga iri har inji. Shi ne mutum na farko da na gaya wa.

Da na gama ya ce, "Kun tone saiwar?"

"A'a, a gindi aka sare."

"To wataƙila wani ya yi toho, in awaki sun bar shi. Amma kai ba ka zama inuwarsa, wannan ka cire rai." Ya share ruwa daga gemunsa. "In an yi girbi ka tahi gida. Tun da ka zo kake aiki kamar mai kaffara, ni kuwa ba ni ka yi wa laifi ba."

Bayan girbi ya ba ni kan diga da tiya biyu ta irinsa. Su kaɗai na shiga Katuru da su bayan shekara biyar.

Na tarar da Yaya Mamman a zaure yana gyaran igiya. Ya rame, ƙafar ta shanye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya ce a kawo mini ruwa. Hauwa'u ta leƙo ta koma tana kuka, yaran suka tsaya nesa suna kallon baƙo. Bai tambaye ni inda na je ba. Da safe ya ɗauki sandarsa ya ce mu je gona.

Ban gane ta ba. Gefen gabas ya zama jan fako yana sheƙi. Muka tsaya a kan wani kututture, na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tun shekarar farko, don in samu salla ta zauna mini." Ya soka sandarsa a ƙasa, ta ƙi shiga. "Na daɗe ina jiranka, Sa'idu, amma ba don in gan ka ba. Liman ya ce ba a raba gado mai rabo ba ya nan. Gobe shi da dattawa za su zo."

"Yaya, mu ƙara shekara ɗaya tare. Na koyo wani abu."

"Na ciyar da naka da nawa, ban gaya wa kowa nauyinsu ba. Amma in sake haɗa iri da kai a rumbu ɗaya, in kwanta ciwo, ba ni iyawa."

Aka raba. Na roƙi a ba ni gefen fakon, bai yi musu ba. Aka ja katangar kara a tsakar gida, tukunya ta zama biyu.

Ranin nan na fara haƙa. Masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa su ce Libiya ta taɓa mini kai. Kututture biyu na samu da ɗan toho da awaki suka gwaguye, na kewaye su da ƙaya. Shekarar farko na samu dami kaɗan, ta biyu ya ninka. A ta uku, da aka yi dogon fari a tsakiyar damina, na ɗago daga noma na ga Yaya Mamman tsaye a kan iyaka, ya dogara da sanda yana kallon ramukan.

"Zurfin nawa kake yi?"

"Taƙi ɗaya, Yaya."

"Taki kafin ruwa ko bayan ruwa?"

"Kafin ruwa."

Ya gyaɗa kai ya juya. Da rani na hango shi a nasa gefen, zaune a ƙasa saboda ƙafar, yana haƙa da guntuwar fartanya. Na ɗauki digata na nufe shi. Tun daga nesa ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bari, ina iyawa." Na koma. Bayan shekara huɗu ya rasu. Ni na yi masa wanka, amma ban sake cin tuwon geron da muka noma tare ba.

Yanzu ramuka sun yi yawa a yankinmu, har daga Banga an zo an gani, wasu suna cewa ni na kawo. Ba na jin daɗin wannan yabon, don na san abin da na bayar kafin in koyo shi.

Ku da kuke noma yanzu, ruwa ya fi na zamaninmu rashin tabbas, kuma zai kunyata ku wata shekarar ko da kun yi komai daidai. Ina roƙonku don Allah, idan hakan ta faru ku zauna a gida ku sha kunyar a gaban 'yan'uwanku, wata biyu ne ta wuce. Kada ku ɗora gatari a kan itacen da kuka tarar a gona, kuma kada ku yanke hukunci a kan abin gandu ranar da ɗan'uwanku yake kwance ba ya iya tashi ya hana ku. Ni na yi, ƙasar ta karɓi tubana, amma yayana har ya koma ga Allah da sallama yake shiga gefena, kamar gidan maƙwabci.